Abubuwan Mamaki da Muke Takawa Kullum Ba Mu Sani Ba

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan ƙungiya a unguwar Bolori, Maiduguri

  



An ɗora mana nauyin yin magana a kan abubuwan al'ajabi na tarihi da kimiyya da zaman yau da kullum. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, sai abin da tafiya da tambaya suka ƙara mana, ga shi kuwa an ce matambayi ba ya ɓata. Dalilin da ya sa muka karɓi aikin guda biyu ne. Na ɗaya, muna jin wasu yaranmu da aka haifa a nan suna cewa ƙasar nan ba ta da wani abin faɗa sai zafi da labarin tashin hankali. Na biyu, akwai daga cikinmu masu zaman shekara talatin a Yerwa, amma har yau kallon masauki suke yi mata. To jama'a, ba sai mun je Turai neman abin mamaki ba. Bari mu fara daga ƙarƙashin tabarmar da muke zaune.

ƘASAR NAN DA BAKIN RUWA CE

Yau in mutum zai je Baga sayen banda, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 200 kafin ya ga alamar tafkin Chadi. Amma masana ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara 7,000 da suka wuce, a nan Maiduguri gaɓar tafkin take. Akwai wani dogon tudun rairayi da ya taso daga wajen Bama, ya bi ta Konduga, ya ratsa garin nan, ya miƙa wajen Magumeri har ƙasar Yobe. Tudun Bama ake ce masa, kuma igiyar ruwa ce ta tara shi. A wancan zamani faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 350,000, watau ya fi sulusin Nijeriya. Baƙar ƙasar nan ta firki da ke gabas, inda ake shuka masakwa bayan damina ta ɗauke, ta nuna ba ruwan sama ba ban-ruwa, laka ce da ta kwanta a gindin wancan ruwa.

Wanda ke son shaida, ga ta. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe a yanzu, sai ya ci karo da wani ice a zurfin kamar mita 5. Ashe kwalekwale ne. Malaman Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Farankifot ta Jamus suka tono shi, aka auna shekarunsa, aka samu kusan 8,000. Tsawonsa ya haura mita 8. Shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin uku mafi daɗewa a duniya. Ya girmi manyan dalar Masar da shekara fiye da 3,000. Kun ji fa, tun Fir'auna bai aza tubali ba, akwai masassaƙi a ƙasar nan.

A 1963 faɗin tafkin yana wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin shekarun 1970 da 1980 ya zo, sai ya tsuke ya koma ƙasa da 2,000, daga baya kuma yakan ƙaru yakan ragu gwargwadon damina. Mafi yawan ruwansa, kamar kashi 90 cikin 100, daga kogin Shari da Logon yake zuwa, ta ƙasar Chadi da Kamaru. Watau in damina ta yi gardama a Afirka ta Tsakiya, mai sayar da kifi a Tashar Baga ne zai ji a aljihunsa.

Me ya sa muka fara da wannan? Saboda kogin Ngadda ya ratsa tsakiyar garin nan, ba ya ma kaiwa tafki, a fadamar Jere yake bajewa. A watan Satumba na 1994 ruwan madatsar Alau ya shigo gari. Shekara 30 cif, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday da fadar Mai Martaba Shehu da asibitin koyarwa. Mun san 'yan uwa da jarinsu ya narke a dare ɗaya. Saboda haka duk wanda aka yi wa tallar fili da arha, ya tambayi dattawan wurin ko ruwa ya taɓa kwanciya a nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

HAZON DA MUKE ZAGI

In hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, kowa sai tsaki yana kaɗe kayan shago. To wannan farar ƙura mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, sunansa Bodele, kuma shi ne wuri mafi zurfi na wancan tsohon tafki da ya ƙafe. Ƙurar kuwa ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne da suka mutu suka taru shekara dubbai. Ba a wurinmu take tsayawa ba. Iska tana ɗaukar ƙurar Sahara ta tsallake tekun Atilantika da ita. Wani bincike na hukumar sararin samaniya ta Amurka a 2015 ya ƙiyasta cewa kusan tan miliyan 28 na faɗawa a dajin Amazon na Kudancin Amurka kowace shekara, ɗauke da tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda shi ne harafin P da kuke gani a buhun takin NPK. Abin da ke sa mu tari a Bolori, taki ne ga dajin Birazil. Allah mai iko.

KUƊI DA KASUWA

Mu zo kan sana'armu. Kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta wuri. Shi kuwa wurin, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi ɗaruruwan shekaru, ba a Kano aka haƙo shi ba, ba a Katsina ba. Ƙoƙon wata 'yar dodon-koɗi ce ta teku, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Da Baturen nan Bajamushe, Barth, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda kuwa wuri zambar ashirin ne, 20,000 ke nan, ɗaukar ƙato guda. Mai kukan nauyin takardun naira ya tuna da wannan.

Nan Barno ma wuri bai zama kuɗin kasuwa ba sai wajen 1848, zamanin Shehu Umar. Kafin nan da gabaga ake ciniki, watau ƙyallen saƙi. Ita kuma dalar azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, duk wadda aka buga bayan rasuwarta shekarar 1780 ce a jikinta, ko da bayan shekara ɗari aka buga ta, domin 'yan kasuwar Larabawa da Afirka ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Saboda haka in wani ya kawo muku ita yana cewa ta shekara 240, kada rubutun jikinta ya ruɗe ku. Sule da sisi da kwabo da fam kuwa, duk bakin Ingilishi ne muka lanƙwasa, naira kuma sai 1 ga Janairu 1973 ta fito.

Yanzu ga wadda za ta fi taɓa mu. Kalmar kasuwa kanta, masana harshe sun ce daga Barebari muka aro ta, su kuma daga suƙ ta Larabci. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya nuna a 1960 cewa kalmomin karatu da rubutu ma ta hannun Barebari suka shigo Hausa. Haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla. Daɗin daɗawa, dangin harsunan da Hausa ta fito daga ciki da sunan tafkin Chadi masana suke kiran su, kuma a cikinsu akwai Babur da Margi da Bolanci da Ngizim da Bade da Karekare. Watau maƙwabcinka Bamargi, harshensa ɗan ɗakin naka ne. Wanda ya san haka ba zai bar ɗansa ya yi wa wani dariyar Hausarsa ba.

SU WANE NE BAƘI?

Muna cewa masara, domin ta hanyar Masar ake jin ta iso mana, alhali asalinta Meziko ne. Rogo da dankali da barkono da tumatir da gwanda da taba, duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan shekarar 1492. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, 'yar Kudancin Amurka ce. 'Yan gida na asali su ne gero da dawa da wake. Darbejiyar da ta yi wa titunan Yerwa rumfa, asalinta ƙasar Indiya ne, kuma a lardin Barno aka fara dasa ta a Nijeriya, a 1928. Baƙuwa ce, amma wa zai ce a sare ta ta koma garinsu? Ta biya kuɗin zamanta da inuwa. Mu ma sai mu duba da me muke biyan namu.

Garin kansa yaro ne. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, ya zauna Dikwa, aka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ta girmi garin nan da shekara fiye da 400. Ku dubi sunayen unguwanni: Hausari, Shuwari, Fezzan. Ita Fezzan sunan wani yanki ne a kudancin Libiya. Tun farko da baƙi aka gina garin, a ƙarƙashin inuwar masu ƙasa. Jirgin ƙasa ma sai 1964 ya iso, shekara 53 bayan isarsa Kano.

Amma garin ne sabo, ba daular ba. A shekarun 1240 mutanen Kanem sun riga sun mallaki makaranta da masaukin ɗalibai da alhazai a birnin Alƙahira. Ibn Khaldun ya rubuta cewa a 1257 Sarkin Kanem ya aika wa Sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa. Ku auna yadda aka tsallake Sahara da wannan dabba a ƙasa. Mai Idris Alauma ya aika jakadu Istanbul, Sarkin Musulmin Turkiyya Murad na Uku ya mayar masa da amsa a 1577. Gidan Saifawa kuwa ya yi mulki ɗaruruwan shekaru har 1846, yana cikin gidajen sarauta mafi daɗewa a duniya. Masu masaukinmu ke nan.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan lissafin jera lambobi a gidaje, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga ɗan misali ku gwada wa yara: a layin farko 4, 9, 2, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6. Ta duk inda kuka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ku samu. Har yau masu tarihin lissafi suna ambaton sunansa.

KAYAN DA MUKE RENAWA

Ƙaron da ake zubawa a tawada don ta kama allo, wanda ake tsinta a jikin dakwara a Barno da Yobe da Jigawa, shi ne ke hana sinadaran lemon kwalba rabuwa, ana kuma sa shi a alewa da ƙwayar magani. In kun ga E414 a jikin kwali, shi ne. Da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar wa ƙaro ƙofa, domin kamfanoninta ba su da madadinsa. Coca-Cola da aka fara haɗawa a 1886, rabin sunanta na goro ne. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa wake ya nuna da wuri, da irinta Masarawan dauri suke busar da gawar Fir'aunoni, kuma daga sunanta na natrun aka samo alamar Na da ɗalibanmu ke haddacewa a ajin kimiyya.

Randa kuma me ya sa ruwanta ke sanyi ba wuta ba janareta? Jikinta yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, bushewar ce ke tafiya da zafin, kamar dai gumi a jikin mutum. Wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Masu sayar da tumatir da ganye, ga dabara ba ta wuce kuɗin tukwane biyu ba.

AGOGO DA KALANDA

Agogon Nijeriya ɗaya ne, amma rana ba ta bin agogo. Saboda muna gabas, rana tana riga fitowa da faɗuwa a Maiduguri da kamar minti 18 kafin Kano, da kusan rabin awa kafin Sakkwato. Wanda ya rataya jadawalin azumi na Kano a ɗakinsa a Bolori, zai ci sahur bayan alfijir ya keto. Wanda kuma ya buga waya gida Sakkwato ya ce an sha ruwa, kada su bi shi, ranarsu tana sama.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da kamar kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagayawa, har a 1997 ya kama sau biyu a shekara ɗaya, a Janairu da ƙarshen Disamba, kuma haka lissafi ya nuna zai sake yi a 2030 in Allah ya kai mu. Ga inda abin ya shafe mu: ɗan kasuwar da ke fitar da zakka da lissafin Disamba zuwa Disamba, a cikin shekara 33 ya tsallake zakkar shekara guda cur bai sani ba. Malamanmu suna nan, sai a tuntuɓe su.

COKALI SHIDA DA RABIN COKALI

Na ƙarshe shi ne wanda muke roƙon kowa ya tafi da shi gida. Amai da gudawa ba da kansu suke kisa ba, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Masana sun gano cewa hanji ba ya saurin jan gishiri sai da ɗan sukari a tare, in ya ja gishirin kuma ruwa sai ya bi. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, ƙarin ruwa na allura ya ƙare, sai wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya koma ba masu kwalara ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Awon shi ne: ruwa mai tsabta lita ɗaya, watau ledar fiya-wata biyu, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri, yawansa illa ne. In akwai na ƙunshi da ake sayarwa a kemis, ya fi. A riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Bayan ambaliyar 2024 kwalara ta ɓulla a jihar nan, kuma damina ba ta daina zuwa ba.

KAMMALAWA

To jama'a, roƙonmu ga ƙungiya uku ne. Na ɗaya, a riƙa ware minti goma a kowane taro, wani dattijo ko ɗalibi ya kawo abu ɗaya da ya tabbatar da shi, ba jita-jitar waya ba. Na biyu, a zauna da tsofaffinmu a rubuta yadda kowane gida ya zo garin nan, daga ina, a wace shekara, da wace sana'a, wa kuma ya sauke shi, tun masu labarin suna da rai. Na uku, mu bar yaranmu su koyi Barbarci, ko da gaisuwa ce da ciniki. Wanda ya ara maka kalmar kasuwa, bai kamata ka shekara talatin ba ka iya gaishe shi da harshensa ba.

Allah ya ƙara wa Mai Martaba Shehun Barno lafiya da nisan kwana. Allah ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya sa albarka a kasuwancinmu da zuriyarmu.